Dish ɗin Mama da Iskar Ranar Talata

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikin da ya hana mu ganin fuskarka shekara huɗu, ya dawo mana da ku cikin aminci. Mu nan lafiya lau muke. Baban yara yana nan, tumbinsa yana ta samun ƙarin girma a wurin aiki, shi kuma yana kiran abin kwanciyar hankali. Babbar 'yata ta shiga aji na gaba, ta kai shekarun da uwa ba ta san komai ba. Ƙanwarmu Auta tana nan gidan Mama tana aikinta na jinya a asibiti, ta rame kaɗan, amma bakinta bai rame ba. Kawu ya yi zazzaɓi ya warke. Mama kuwa gwiwarta ta yi sauƙi, likita ya ce hawan jinin ma ya sauka, duk abin da ake aunawa a jikinta lafiya yake.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wadda take da lambar wayarka. Dalilin shi ne maganar da zan yi maka ta ƙunshi cewa na yi kuskure, ni kuma ka san bakina bai taɓa koyon furta wannan ba. Na gwada alƙalami ko shi zai iya.

Ka tuna lokacin da masu kebul suka haƙa layin su Mama suka binne wayarsu, suka bi gida gida da takardun talla. A makon ne ka ce mini tunda dish ɗin Mama kullum cikin ɗaukewa yake, in duba in gani, ko a sake mata sabon dish ko a jawo mata kebul, duk wanda ya fi. Ka ce ni ce mai bokon gidan. Ni kuwa na karɓi aikin kamar an ba ni kundin digiri na uku. Na zana tebur gida biyu. A gidan dish na rubuta cewa yana kamo tashoshi daga nesa, ba ruwansa da wayar kowa, amma da hadari ya haɗu sai hoto ya daskare, iska tana juya shi, tsatsa tana cinsa, ga shi ya tsaya a jikin bango kamar kunnen maƙwabci. A gidan kebul na rubuta cewa ruwan sama bai dame shi ba, tashoshinsa ba su kai na dish yawa ba amma duk waɗanda Mama take kallo suna ciki, wa'azi da labarai da shirin nan na likitoci, matsalarsa ɗaya in masu haƙa rami suka tsinka waya duk layi ya kwanta. Ban tsaya nan ba. Ni da nake koyar da ƙididdiga ba na yanke hukunci da ji-ta-ji-ta, don haka na ce wa Auta duk ranar da dish ya ɗauke ta sa alama a kalandar kicin. Cikin wata biyar muka tara alama goma sha shida.

Duk ɗaukewar nan mutum ɗaya ne yake gyarawa, kuma ka san shi. Injiniya, wanda ya kafa dish ɗin tun Baba yana da rai, mai shago a kwanar da ke bayan kantin magani. Ya tsufa fiye da yadda ka bar shi. Gemun ya yi fari tas, tabarau ɗinsa an ɗaure ƙafa ɗaya da wayar wuta, matarsa ta rasu tun kafin ka tafi. Yaran layi suna kiransa Baba Sigina, yana kuma amsawa. Sau uku na tarar da shi yana aikin, bari in gaya maka yadda yake yi, don a lokacin na kalla da idona ban ga komai ba. Zai jingina tsaninsa a bango kusa da tagar falo, ya hau taki uku, ya kama gefen dish. Mama za ta jawo kujera ta zauna jikin tagar ta ciki, labule a tsakaninsu, fuskarta ga talabijin. Sai ya tambaya ko ya kawo, ta ce bai kawo ba, ya ƙara kaɗan. Ya ƙara, ta ce ya wuce, ya dawo. Ya dawo, ta ce yanzu ga murya babu mutum. Ta ce masa hannun nan nasa ya tsufa, ya kamata a yi masa ritaya. Ya ce hannu lafiyarsa ƙalau, idon Hajiya ne yake neman gilashi, ko kuma tauraron ne ya ga ana matsa masa ya ƙaura. Tsakanin ƙara kaɗan da dawo kaɗan sai ka ji an shiga labarin haƙorin jikansa da ya ƙi fitowa, da man da ake shafa wa gwiwa, da wanda ya rasu a layin baya, da ko itacen tsakar gida zai yi 'ya'ya bana. Awa guda cur. Daga ƙarshe hoto ya kawo, Mama ta miƙa kofin shayi ta ƙasan labule ta ajiye a bakin taga, ya sha a tsaye a kan tsani, ya yi godiya, ya tafi. Ni kuma ina zaune a gefe da takardun ɗalibai ina duba agogo, ina tausayin uwata da aka bar ta a hannun tsohon da bai san an ci gaba ba.

Na tambayi Mama ra'ayinta, kada ka ce ban tambaya ba. Ta ce dish ɗin ba laifi, mun saba da shi. Na koma gida na rubuta a ƙasan tebur cewa sabo ba hujja ba ne, na ja masa layi. Takardar tana nan, ban yaga ta ba, ina ajiye da ita don ranar da zan sake jin kaina ya yi girma.

Ranar da na yanke hukunci, Injiniya yana kan tsaninsa. Na fita tsakar gida na gaishe shi da ladabi, irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo. Na ce Baba mun gode da ɗawainiya, Allah ya saka, amma mun yanke shawarar jawo kebul, domin aikin da ake maimaitawa sau uku a wata ai ya tashi daga gyara ya koma ziyara. Haka na faɗa, Yaya, da wannan kalmar, ina jin daɗin yadda ta fito. Na jira a yi dariya. Ya yi ta kuwa, gajeriya, ya sauko taki ɗaya ɗaya, ya ce Malama ta fi shi gaskiya, kebul ya fi, shi ma da an tambaye shi abin da zai ce ke nan. Ya naɗe tsaninsa. Bayan labule ban ji motsi ba. Shayin ranar ya huce a kicin, na ɗauka mantuwa ce.

Masu kebul suka zo su biyu da rigar kamfani, kafin ruwan zafi ya tafasa sun ja waya sun haɗa dikoda sun miƙa wa Mama rimot mai maɓallai kamar na jirgin sama. Da suka zo sauke dish, ɗayansu ya kira ni in zo in ga abin mamaki. Notin da ke riƙe wuyan dish ɗin ba a ɗaure yake ba, da yatsa biyu ya warware shi, kuma babu ɗigon tsatsa a jikinsa, an shafe shi da mai sai sheƙi yake. Ya ce Madam, wanda ya yi wannan aiki ko dai bai san sifana ba, ko kuma ya san ta fiye da kima. Ya kuma nuna mini gefen dish ɗin ta ƙasa, wuri ɗaya fenti ya goge kamar ana yawan zungurarsa. Ni me zan ji in ba daɗi ba? Na shiga falo da fara'ata na gaya wa Mama cewa ashe ma mutumin nan da gangan yake barin abu a kwance don a riƙa kiransa. Ta dube ni, ta ce to, ta tashi ta shiga kicin.

Wata uku ke nan, kebul bai ɗauke ko sau ɗaya ba. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, an yi iskar da ta kwashe rufin shagon tela, hoton Mama bai ko girgiza ba. Teburina bai yi ƙarya ba. Sai dai in na je nakan tarar da talabijin a kunne, hoto tar, likitoci suna ta bayani, Mama kuma tana kallon hannunta. Kujerar ta bar jikin taga ta koma kusurwa. Muryarta ta koma irin ta shekarar da Baba ya rasu, sai ka matso kake jin abin da ta ce. Na kai ta asibiti sau biyu, aka auna duk abin da ake aunawa, aka ce mu gode wa Allah.

Makon jiya ina taya Auta gyaran kicin, na sauke tsohuwar kalandar zan jefar, sai idona ya faɗa kan alamomin nan. A da adadinsu kawai na ƙirga, ban taɓa duba inda suka faɗo ba. Goma a ranar Talata. Biyar a ranar Asabar. Guda ɗaya tak a ranar Alhamis, ita ce ranar da aka yi iskar gaske har reshe ya faɗo. Na tsaya riƙe da takarda ina tunanin wace irin iska ce wannan da ta san ranakun mako. Ɗalibin aji ɗaya da ya kawo mini irin wannan bai lura ba, da jan biro zan raka shi. Na nuna wa Auta. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhu, sannan dariyar ta tsaya. Ta ce Talata da Asabar su ne ranakun hutunta, ranakun da take gida, Mama ta zaɓe su ne don kada wani ya ce namiji ya shigo Mama tana ita kaɗai. Ta ce sau nawa tana ganin Mama da safe ta ɗauki doguwar sandar da ake share yanar gizo-gizo a silin, ta fita kamar mai duba itace, ta ɗan zunguri dish ɗin ta dawo ta kunna talabijin, ta ce kai, abin nan ya sake ɗaukewa, a kira Injiniya. Shi ya bar noti a kwance, ita ta riƙe sanda, kuma Auta ta rantse ba su taɓa yin maganar da baki ba. Ta ce tela ya sani, mai kantin magani ya sani, matar gidan da ke kallonmu ta sani har tana yi wa Mama tsiya a hankali, duk layin nan mutum ɗaya ce ba ta sani ba, ita ce mai digiri biyu. Na ce me ya hana ta gaya mini. Ta ce wa ya isa ya gaya mini magana alhali na zana tebur.

Washegari na je shagonsa. Na tarar da shi a ƙofa yana saita wa wani mutum dish da zai tafi da shi ƙauye, yana gwada masa. Ya ciro wata 'yar na'ura daga jakarsa, ya maƙala a waya, ya juya dish sau biyu, na'urar ta yi ƙara, ya ɗaure noti. Ko minti uku bai cika ba. Jakar nan ita ce wadda yake ajiyewa a gindin tsani a gidanmu, ban taɓa ganin ya buɗe ta ba. Ya ɗago ya gan ni, ya ga abin da nake kallo, ya mayar da na'urar jaka a hankali, ya ce Malama sannu da zuwa, ya share mini benci da hannunsa.

Rabin kantocin shagon babu komai a kansu. Ya ce unguwar duk ta koma kebul, layi bayan layi, aiki ya zama sai na mutanen ƙauye, 'yarsa da ke aure a wani gari mai nisa ta daɗe tana roƙon ya koma wurinta, yanzu ya amsa, ƙarshen wata mai zuwa zai tashi. Na ce Baba na zo ba ku haƙuri. Ya ce haƙurin me, ai ban faɗi ƙarya ba. Ya tambayi gwiwar Hajiya, ya ce a riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ya ce rimot ɗin kamfanin nan maɓallansa sun yi ƙanana, in liƙa mata farar takarda a kan guda uku da take buƙata. Sai na yi abin da na iya, na kawo mafita. Na ce dish ɗin yana nan a sito, ku zo ku mayar da shi, a bar kebul ɗin ma in ya so, ai gida yana iya ɗaukar biyu. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya daɗe yana gogewa. Ya ce a'a, kada a ɓata wa Hajiya kallo. Ya ce abin da aka riga aka kira da sunansa a gaban mutane ba ya sake komawa gyara, in ya sake jingina tsani a bangon nan kowa ya san ba dish ya kawo shi ba, shi ma ya sani, Hajiya ma ta sani, kuma ita ba matar da za a sa a bakin mutanen layi ba ce. Ya ce ziyara kuwa sai da izinin masu gida, kuma ya ji an ce babban ɗan gidan yana nesa, ya kuma ji abin da babban ɗan gidan ya taɓa faɗi.

Ka san abin da yake nufi, ni ma na sani. Shekara biyu bayan rasuwar Baba, da Kawu ya kawo maganar cewa Mama ba ta tsufa ba, in wani mutumin kirki ya fito kada mu tsaya a hanya, kai ne ka ɗaga murya a waya har ana jinka daga tsakar gida, ka ce muddin kana raye babu wanda zai zauna a kujerar Baba. Ni kuma na ɗora da cewa mu da muka gama tarbiyya ba mu buƙatar sabon hedimasta. Aka yi dariya, Kawu ya bar maganar. Mama tana bakin ƙofa tana ninke kaya, mu kuma muka ɗauki shirunta a matsayin ta yarda da mu. Muna da gidajenmu, Yaya. Kai kana da Anti, ni ina da mai tumbina, Auta ma ga dukkan alamu ba za ta kai baɗi a gidan ba. Muka tsare wa Baba kujera, muka bar wadda take zaune kusa da kujerar ta yi ta kallonta. Ita kuwa ba ta nemi komai ba, ta samo wa kanta awa ɗaya sau uku a wata, ta bayan labule, da 'yarta a gida, ba ta taka dokar kowa ba. Wannan awar ce na zo da ilimina na gyara.

Na gwada yi wa Mama maganar. Ban iya ba sosai, mu ba a koya mana irin wannan hira da iyaye ba. Tana guga a falo, na ce na biya ta shagon Injiniya, yana gaishe ta, kuma ƙarshen wata mai zuwa zai koma wurin 'yarsa. Dutsen gugar ya tsaya a wuri ɗaya har na ji ƙauri. Ta ɗaga shi, ta ce Allah ya kai shi lafiya, mutumin kirki ne. Na ce Mama na yi kuskure. Ta ce wane kuskure, kebul yana da kyau, ai don ita na yi. Ta gama rigar, ta ɗauki wata, ta shimfiɗa, sannan ba tare da ta dube ni ba ta tambaya ko Yayanku ya sani. Ba ta ce ya san me ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce zan rubuta maka.

To ga shi na rubuta. Ba na ce ka ɗaura wa kowa aure ba, ban ma san ko abin zai kai can ba, wataƙila su biyun ba su son fiye da kofin shayi da gardamar wa ya fi wani tsufa. Wataƙila kuma na makara, don mutumin ya riga ya ba 'yarsa magana, kuma ba irin mai janye magana ba ne. Abin da nake roƙo shi ne ka janye taka. Ka kira Kawu ka ce masa abin da ka faɗa a wancan lokaci zafin rashin Baba ne, ka sauka daga kai, shi ya san yadda zai isar da saƙo ga wanda ya dace ba tare da an kunyata kowa ba. Sannan ka kira Mama. Kada ka tambaye ta ko hoto yana fita da kyau, yana fita. Ni na janye tawa maganar a gaban Kawu jiya, ya dube ni ya ce ashe boko ma yana warkewa. In kuma har yanzu kana kan bakanka, ka gaya mini ni, kada ka gaya mata, zan san yadda zan ɗauki laifin duka, dama rabinsa nawa ne.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce mata man shafawar da ta aiko ya karɓi gwiwar Mama. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yan Biyu, ka ce wa takwarar Mama gwaggonta tana jiran hoton da ta yi alkawari. Baban yara yana gaishe ka, Kawu da iyalinsa suna gaishe ka, Auta ta ce in gaishe ka in kuma gaya maka ita ba ruwanta, alama kawai aka ce ta sa.

Mama ta san ina rubutun nan a teburin falonta. Ta ce in gaishe ka, in ce maka tana sa muku albarka, kuma ba ta rasa komai ba. Ta faɗi haka ta shiga ɗaki. Can sai ga ta ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ta tambaye ni kwana nawa wasiƙa take yi kafin ta isa wurinka.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Malamar gidanku